Tikitin da Na Ƙi Yanka wa Malam Bitrus

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, amma Larabar da na ciro taswirar kamfani daga bango na kifa ta a kan kantar ofis ba ta taɓa fita daga raina ba. Kun daɗe kuna tambayata dalilin da ya sa na yi ritaya ban zama shugabar kantar tikiti ba, alhali waɗanda na koya wa aiki sun zama manajoji. Wasu kuma sun gaya muku wai Hajiya Binta rashin kunya ta yi wa oganta. To ku gyara zama, yau ku ji daga bakin mai ita.

Ofishinmu na cikin gari yana Gyaɗi-Gyaɗi, a saman wani bene mai kallon titi, ƙasansa mai sayar da tayoyi. Kamfanin jirgin na ƙasar waje ne, ba sai na kama suna ba. Aikina yankan tikiti. Sama da ni akwai shugaban kanta, sama da shi manajan ofis, shi kuma yana karɓar umarni daga manajan ƙasa da ke Legas. Manajanmu a lokacin Nura ne, yaro mai ƙoƙari, ni na nuna masa yadda ake buɗe wa fasinja kujera a kwamfuta ranar da ya fara aiki. Ban taɓa jin haushin hawansa ba. A gaban mutane Yallaɓai nake ce masa.

Ga wanda bai san harkar ba, babban kamfanin jirgi ba ya ɗaukar ka daga Kano ya dire ka inda kake so kai tsaye. Kowane jirginsa gida yake komawa, wato babbar tasharsa da ke ƙasarsu. A can za a sauke ka, ka jira wani jirgin nasu da zai kai ka garin da ka nufa. Wannan jiran shi muke kira ya da zango. A bangon ofishinmu akwai taswira mai ƙyalli, jajayen layuka sun fito daga babbar tashar sun bazu: Jidda, Alƙahira, Dubai, Guangzhou, Landan, ga namu layin ya gangaro Kano. Fasinja in ya shigo sai ya tsaya yana bin layi da yatsa yana murmushi. Amma layin nan ba ya gaya maka ranar da jirgi ke tashi, ba ya gaya maka awa nawa za ka yi a kan kujerar ƙarfe kana jira.

Abin da layin bai faɗa ba, yana bayan taswirar. Marigayi Malam Sule, wanda ya koya mini aiki, shi ya fara wannan al'ada. Kun san mutanenmu, in sun dawo daga tafiya sai sun leƙo sun gaishe da wanda ya yanka musu tikiti, da ɗan dabino ko kwalbar turare. To Malam Sule ba ya barin mutum ya tashi sai ya sha tambaya. Ina wurin alwala? Daga ƙofar sauka zuwa ƙofar tashi tafiyar minti nawa ce? An kawo wa tsohuwarka keken marasa lafiya ko cewa aka yi a jira? Sai ya ciro taswira ya juya, ya rubuta da biro a daidai bayan garin. Da ya rasu na gaji taswirar da biron. In an aiko sabuwa daga hedikwata, sai in zauna in kwafe na tsohuwar kaf kafin in maƙala ta.

A daminar shekarar da nake ba ku labari kamfani ya buɗe sabon layi daga babbar tasha zuwa Chennai, a kudancin Indiya, garin da marasa lafiyarmu ke yawan zuwa. Aka cika rediyo da talla: daga Kano zuwa Indiya, tsayawa ɗaya tak, ga rangwame. Nura ya tara mu ya ce Legas ta matsa masa. In ofishin Kano bai sayar da layin nan ba, akwai maganar rage jirginmu, in an rage jirgi kuwa za a rage ma'aikata. Ba ƙarya ya yi ba, tsoro ne na gaske a idonsa.

Sai dai an tsara layin ne da jirgin Legas, mai tashi kullum. Namu na Kano Talata da Asabar yake tashi. Na Chennai kuma Litinin da Alhamis yake barin babbar tasha. Ko yaro ya ƙirga da yatsa ya san wanda ya tashi Talata sai Alhamis, wanda ya tashi Asabar sai Litinin. Tsayawa ɗaya ce kam, ba su yi ƙarya ba, amma ta kwana biyu ce. Takardar kamfani ta ce ana ba da otal. Mutum ɗaya na yanka wa wannan tikitin, Alhaji Mamuda mai sayo kayan keken ɗinki. Da ya dawo bai kawo mini ko dabino ba, faɗa ya kawo. Ya ce otal ɗin yana wajen filin jirgi, mai koren fasfo irin namu na Nijeriya kuwa ba ya fita sai da biza, bizar ba a bayarwa a nan take. Kwana biyu ya yi a kujera da jakarsa a matsayin matashi. Na ba shi haƙuri, na rubuta a bayan Chennai, na ja layi biyu a ƙasa.

Ranar Larabar, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wata mata ta hawo benen da lema a jiƙe da fayil a hammata. Ta ce sunanta Rifkatu, malamar firamare ce a Tarauni, asalinsu mutanen kudancin Kaduna ne amma duk 'ya'yanta a Kano ta haife su. Tikiti biyu take so zuwa Chennai, ita da maigidanta Malam Bitrus, tsohon ma'aikacin gwamnati.

Malam Sule ya koya mini tambaya uku kafin in taɓa kwamfuta: wa zai tafi, me zai je yi, wa zai tarbe shi. Na yi mata ta biyun.

Ta ce, “Dashen ƙoda za a yi masa, Hajiya.”

Na ce, “Allah ya ba shi lafiya. An samu mai bayarwa?”

Ta dafa gefen cikinta ta ce, “Ga ta nan zaune a gabanki.”

Wallahi sai da na ajiye biro na sake kallonta. Mata ce siririya, farin alli bai gama fita daga yatsunta ba. Na tambaye ta ina shi Malam Bitrus ɗin. Ta ce yana ƙasa a cikin adaidaita sahu, ba zai iya hawo bene ba. Na tambayi ranakun da ake yi masa wankin ƙoda. Ta ce Litinin da Alhamis, kuma likita ya ja kunnenta kada a kuskura a tsallake ko ɗaya, don in an tsallake ruwa yake taruwa ya hana shi numfashi.

Na yi lissafin a zuciyata. A wanke shi Litinin, ya tashi Talata, Alhamis ta same shi a kan kujera a ƙasar da bai san kowa ba, ba biza balle a fita da shi asibiti, ya sauka Chennai ranar Juma'a in da sauran kwana. In kuma Asabar ce, wankin Litinin ne zai wuce shi. Ta ko'ina aka juya, sai an tsallake.

Na ce, “Malama, ba zan yanka miki wannan tikitin ba.”

Fuskarta ta canza. Ta ɗauka wulaƙanci ne, irin wanda ta saba gani a ofisoshi. Ta ce, “Me na yi? Ga biza, ga takardar likita, komai ya cika. Da kunnena na ji a rediyo. Mutanen cocinmu da maƙwabta Musulmi ne suka haɗa mana hannu, rangwamen nan ne ya kawo ni. Ki yanka mini kawai, Allah yana nan.”

Na ce, “Allah yana nan, shi ya sa ba zan yanka ba.”

Muryarmu ta ɗan tashi, sai ga Nura ya fito daga ofishinsa. Ya karɓi fayil ɗin ya duba, ya ga takardar da likita ke cikewa a kan cewa mara lafiya zai iya shiga jirgi. Ya ce, “Hajiya, ai komai daidai ne. Likita ya sa hannu.”

Na ce, “Yallaɓai, likita ya sa hannu a kan tashi, bai sa hannu a kan zaman jira ba. Wa ya gaya masa kwana biyu ne?”

Ya ce, “Akwai otal.”

Na ce, “Ka tambayi Alhaji Mamuda.”

Ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce to a tura su Legas da jirgin cikin gida, su hau namu na can, ya da zangon ya zama gajere. Na ce mutumin da ba zai iya hawo bene ɗaya ba, shi za a sa ya hau jirgi uku, a tsallaka da shi daga ɓangaren cikin gida zuwa na waje da kaya niƙi-niƙi, matarsa ita kaɗai? In jirgin cikin gidan ya yi lattin da ya saba fa, wa zai wanke shi a Legas? Ya ce ni ba likita ba ce. Na ce shi ma haka. Ya ce, “Hajiya, kin san halin da ofishin nan yake ciki. Mu ba asibiti ba ne, kujera muke sayarwa. In kwamfuta ta karɓa, ki yanka. Umarni ne.”

To a nan ne raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ji zafi ya taso mini tun daga ƙirji. Na taka kujera, da girmana da komai, na ciro taswirar na kifa ta a kan kantarmu a gaban matar, a gabansa, a gaban duk wanda ke ofishin. Na sa yatsa a inda na ja layi biyu na ce, “Malama, ke malamar makaranta ce, karanta da kanki.”

Ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta zauna. Ta ce, “Kwana biyu? Yesu! Ai da gawarsa zan ƙarasa.”

Nura ya ce, “Hajiya Binta, wannan takardar kamfani ce, ba allon gidanku ba.”

Na ce, “Nura.” Ranar ce kaɗai na kira sunansa tsirara a gaban baƙi. “Ni na koya maka buɗe kujera, ban koya maka rufe ido ba. Ga kwamfuta nan, ga lambarka ta shiga. In ka isa ka yanka da hannunka, sunanka ya hau kai.”

Nura ya dube ni, ya dubi matar. Bai zauna a kwamfutar ba. Har gobe ina yaba masa wannan, bai zauna ba.

Da na tsaya a nan, da ƙila faɗa kawai za a yi mini a wuce wurin. Amma ƙin yanka tikiti ba ya kai mutum Indiya. Na san wani kamfanin, abokin hamayyarmu, yana tashi daga Kano ranar Juma'a, ya da zangonsa awa uku ne, ya sauke ka Chennai Asabar da safe. A wanke Malam Bitrus Alhamis, ya tashi Juma'a, Litinin ta same shi a gadon asibitin can. Wakilinsu yana tsallaken titi, muna hango allonsa ta tagarmu. Na ɗauki mayafina, katin aikina yana rataye a wuya ban ko cire ba, na ce, “Malama, tashi mu je.”

Nura ya ce, “In kika fita da fasinjanmu kika kai wa waɗancan, kin san abin da zai biyo baya.”

Na ce, “Na sani, Yallaɓai. Ka fara rubutawa, kafin in dawo ka gama.”

A ƙasa na ga Malam Bitrus a karon farko. Yana jingine a cikin adaidaita, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, fuskarsa ta yi toka. Ya yi ƙoƙarin gyara zama ya gaishe ni. Na ce ya yi zamansa. Muka tsallaka titi a cikin yayyafi, ni da matarsa a ƙarƙashin lema ɗaya, masu tayoyi suna kallo. Yarinyar da ke kantar can ta ga katina ta zaro ido. Na ce, “Rufe bakinki ki buɗe mini Juma'a ta sama. Kujera biyu kusa da ban-ɗaki, ki sa keken mara lafiya a tashi da zango da sauka, ki rubuta dalili.” Na tsaya a kanta har ta gama. Tikitin ya fi namu tsada, ba rangwame. Malama Rifkatu ta ce akwai keken ɗinkinta, za ta sayar.

Da na dawo, takardar tuhuma tana kan teburina. Ga wanda bai taɓa samu ba, Allah ya sa kada ya samu, takarda ce da ake ba ka awa ashirin da huɗu ka bayyana dalilin da zai hana a hukunta ka. Laifi uku aka jera mini: ƙin bin umarni, karkatar da fasinja zuwa wani kamfani, da ɓata kayan kamfani da rubutu. Na ukun ne ya ba ni dariya. Shugaban kanta ya zo yana lallashina, wai in rubuta kuskure ne, in nemi afuwa, magana ta mutu a Kano. Na ce kuskuren wa? Na sauka ƙasa wurin mai hoton takardu, na ɗauki bayan taswirar kaf, na haɗa da amsa mai layi huɗu. Na ce na ƙi, na karkatar, na rubuta, kuma in wani mai wankin ƙoda ya zo gobe haka zan sake yi, har sai an gyara ranakun jirgin ko an daina cewa tsayawa ɗaya tak.

Legas ba ta ji daɗi ba. Aka dakatar da ni wata guda. Da na dawo aka ce kanta ba ta dace da ni ba, aka mai da ni filin jirgi, teburin kayan da suka ɓata. Wanda ya san aikin nan ya san teburin zagi ne, ba mai zuwa wurinka yana dariya. A nan na ƙarasa shekaruna. Taswirar kuwa Nura ya sa aka maƙala sabuwa mai gilashi, wadda ba a iya juyawa. Tsohuwar na naɗe ta na tafi da ita, ba wanda ya iya ce mini ajiye.

Kuma kada in yi muku daɗin baki. Bayan shekara an rage jirgin Kano ya koma sau ɗaya a mako, an sallami mutum biyu daga ofishinmu. Akwai waɗanda suka daina gaishe ni, wai da hannuna a ciki. Abin ya yi mini ciwo, na yi kuka a kansa a gida. Amma na ce musu, ofishin da ba zai tsaya ba sai an ajiye mara lafiya kwana biyu a kujera, to dama can ba a tsaye yake ba.

Wata biyar ban ji komai daga Malama Rifkatu ba. Ban nemi lambarta ba, tsoron abin da zan ji nake yi. Wata Asabar da hantsi ina zaune a teburin ɓatattun kaya, wani Alhaji ya gama wanke ni tas a kan akwatinsa, sai na ga mutum ya tsaya a gabana. Dogo ne, da takalmi sau-ciki mai igiya, a ɗaure tsaf. Ban gane shi ba. Na miƙa masa fom na ce, “Wane jirgi, wace irin jaka?”

Ya ce, “Ba abin da ya ɓace mini, Hajiya. Mun je Gyaɗi-Gyaɗi aka ce kina nan. Da ƙafata na hau benen, na kuma sauko.”

Sai na hango Malama Rifkatu a bayansa, ta ƙara ramewa, tana dariya tana share ido. Na miƙe ban san na miƙe ba. Ta rungume ni a gaban jama'a, ni kuwa bakina sai Alhamdulillahi yake ta maimaitawa.

Malam Bitrus ya ajiye ƙullin ganyen shayi a kan tebur, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, “Maman yara ta ce akwai takardar da kike rubuta labarin hanya. Tana nan?”

Tana cikin durowa. Na ciro na shimfiɗa a kife.

Ya ce, “To rubuta. Inda muka ya da zango, keken yana jira a bakin ƙofar jirgi, amma mai turawa sauri gare shi, a ce masa ya bi a hankali. Akwai ɗakin jinya kusa da ƙofar tashi, suna auna jini kyauta. Wurin sallarku yana hawa na biyu, na duba miki musamman. Abincin jirgin gishiri ya yi yawa, mai ciwon ƙoda ya nemi nasa tun daga nan Kano.”

Na rubuta duka. Kamfaninmu ba ya ma sauka a garin da Malam Bitrus yake faɗa, ba jan layi ko ɗaya a wurin. Na juya na duba gaban taswirar, fili ne fari. Na mai da ita na ci gaba da rubutu.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Kamfani yana da garuruwan da yake zuwa, yana alfahari da yawansu, ba laifi. Amma wanda ke gabanka gari ɗaya yake so, kuma da ransa yake so ya isa. Ku yi tambaya ukun nan kafin ku taɓa kwamfuta. In mutum ya dawo, ku ba shi kujera ku tambaye shi hanya, don wanda ya kwana a kujerar ya fi mai zana layin sanin tsawonta. Shugabar kanta dai ban zama ba, kuma ba na neman a tausaya mini. Takardar tuhumar tana nan a jakata tare da taswirar, wanda yake so ya gani ya zo. A ƙasanta akwai wurin da aka bar wa ma'aikaci ya sa hannu cewa ya amsa laifinsa ya yi nadama. Ku duba da kyau, har yau wurin babu komai.